Wajen da nake kai yarana tekwando a Jidda, da maganar tambarin nan ja da shuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Jidda da kewaye. Mata da yawa sun sha tambayata kan wajen da nake kai yarana tekwando, wasu a gidan suna wasu ta waya, kuma tambayar kusan iri ɗaya ce, nawa ne kuɗin wata, akwai ɓangaren mata ko babu, sai kuma a ƙarshe a sassauta murya a ce Hajiya wai da gaske ne akwai wani tambari ja da shuɗi da ake sa yara su rusuna masa. Toh gara in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Sunan wajen ne kawai ba zan sa ba, saboda akwai ƙorafin da zan yi kuma bana so in taɓa wa mutane abincinsu, mai so ya same ni a gefe.

Ni dai na gamsu da wajen, zan iya ce wa 'yar uwata ta kai ɗanta, amma akwai abubuwan da ya kamata uwa ta sani kafin ta biya.

Wajen yana ta gefen Bawadi ne, saman bene, ƙasansa shaguna. Mu da muke kudancin gari gaskiya tafiya ce, musamman bayan la'asar da hanya take cushewa, in Abbansu yana wajen aiki sai dai Careem ko Uber kuma wannan ma wani kuɗin ne da ba a lissafa shi da farko. Ciki fili ne babba an shimfiɗe shi da katifar roba, madubi ya cinye bango guda, mukayyif wato AC yana aiki sosai, akwai gilas da kujeru inda iyaye ke zama suna kallo, wannan gilas ɗin ya kwantar min da hankali don bana son wajen da za a shige da yaro a rufe ƙofa. Kocin maza Bamisre ne, kowa Kabtin yake ce masa, takardar shaidarsa ta Kukkiwon tana rataye a bango, wato babbar cibiyar tekwando da ke Seul wadda aka buɗe a 1972, ita ke bada shaidar baƙin bel da duniya ta yarda da ita. Duk inda za ku kai yaro ku nemi ganin wannan takardar, ba rashin kunya bane.

Yanzu maganar tambarin. A bangon gaba tutoci biyu ne, ta Saudiyya da ta Koriya ta Kudu, kuma tambarin da ake ta magana shi ne wanda ke tsakiyar tutar Koriyan. Tutar fara ce ƙal, a tsakiya zagaye an raba shi biyu amma ba da miƙaƙƙen layi ba, layin lanƙwasa yake, ja a sama shuɗi a ƙasa, kowanne da kai mai kauri da jela siririya da ta kewaya ɗayan, kaman yara biyu da aka kwantar kai da ƙafa a tabarma ɗaya. Teguk suke kiransa, a takardun makarantar Taegeuk ake rubutawa. Yara sabbin zuwa duk Bebsi suke ce masa, Kabtin kuma baya bari maganar ta wuce a wasa, sai ya tsayar da aji ya ce kowa ya zauna, ya je gaban tutar ya ɗora yatsa ya yi bayani, kuma wannan bayanin nasa ne ya sa na tsaya a wajen ban canja ba.

Abun da ya ce, jan shi ne yang, zafi da haske da yini da motsi, shuɗin kuma um, sanyi da duhu da dare da natsuwa. Ya nanata wa yaran cewa kar wanda ya ɗauka ja ne alheri shuɗi ne sharri, ba faɗa suke ba, kowanne ɗayan yake buƙata, shi ya sa ba a raba su da miƙaƙƙen layi ba. Inda ɗaya ya kai ƙarshen ƙarfinsa nan ɗayan yake fara tsirowa. Ya tambaye su yaushe rana ta fi ƙarfi, suka ce tsakar rana, ya ce toh ai daga nan take fara karkata har a kira azahar, kenan gangarawarta tana cikin ƙarfinta. Wallahi yaro ɗan shekara bakwai ya gane wannan. Sai ya miƙe ya nuna musu a jiki, in za ka kai naushi da dama dole hagu ya koma baya ya tsaya a ƙugu, in duka biyun suka tafi gaba babu ƙarfi kuma faɗuwa za ka yi, in ka ƙanƙame jiki tun daga farko dukan ba zai yi sauri ba, sai ka saki jiki tukun ka ɗaure a daidai lokacin da hannu zai sauka. Ina zaune bayan gilas ina kallon ɗana yana gwadawa, ya ɗaure kafaɗa har wuyansa ya shige, Kabtin ya zo ya dafa kafaɗar da yatsa biyu ya ce shuɗi tukun, ja daga baya, yaron ya saki numfashi kafaɗar ta sauka, da ya kai naushin har hannun rigar ya yi ƙara fat. Tun ranar in yana fushi a gida da ƙanwarsa Abbansu shuɗi tukun yake ce masa.

Sai baƙaƙen sandunan da ke kusurwa huɗu na tutar, uku-uku ne, wasu cikakku wasu an gutsure su a tsakiya. Cikakkiyar sanda yang ce, gutsurarriya um. Sama ta hagu uku duk cikakku, alamar sararin sama kenan. Ƙasa ta dama uku duk a gutsure, alamar doron ƙasa kenan. Sama ta dama ruwa, ta tsakiyar ce kawai cikakkiya, ƙasa ta hagu wuta, ta tsakiyar ce kawai a gutsure. In kun lura kowanne yana fuskantar kishiyarsa ta kwana, sama da ƙasa, ruwa da wuta. Asalinsu takwas ne huɗu aka ɗauka aka sa a tuta, kuma daga ƙasar Sin abun ya samo tushe, daga wani tsohon littafi nasu da ake kira Yijing, sannan wani malaminsu Zhou Dunyi a ƙarni na 11 ya yi rubutu a kan zanen wanda malaman Koriya na zamanin daular Joseon suka riƙe sosai. Na Sinawa da aka fi gani baƙi da fari ne da ɗigo biyu a ciki, na tutar Koriya babu ɗigo.

Toh a nan ne fa dole uwa musulma ta buɗe ido, kuma ba zan ɓoye ba don in tallata waje. A wajen masu falsafarsu na da, Teguk ba zane bane kawai, suna ɗaukarsa a matsayin tushen da komai ya ɓullo daga gare shi, kuma waɗancan sandunan takwas da su ake duba a wancan littafin, har yau akwai masu yi. Wannan mu ba namu bane ko kaɗan. Na zaunar da yarana a gida na ce musu abun da mutanen nan suka lura da shi gaskiya ne, halitta bibbiyu take tafiya, amma su sun tsaya a kan halittar ne, mu kuma mun san wanda Ya yi ta. Na buɗe musu Suratuz Zariyat aya ta 49 inda Allah Yake cewa daga kowane abu Ya halicci nau'i biyu ko ma yi tunani, da Suratul Hadid aya ta 6, Yana shigar da dare cikin yini Yana shigar da yini cikin dare. Babbar 'yata ce ta ce Umma ai kaman hoton ayar aka zana, na ce a'a ki bar shi a matsayinsa, zanen mutane ne da suka kalli dare da rana, aya kuma maganar Mai dare da rana ce. Kuma in faɗi gaskiya a ajin ban taɓa jin an kawo maganar duba ko sa'a ko wani ƙarfin ɓoye ba, Kabtin kansa mai sallah ne, ana kiran magariba yake tsayar da komai a yi sahu a kan katifar nan, manyan yaran ne ma suke limanci wani lokacin.

Maganar rusunawa kuwa kai tsaye na tambaye shi tun ranar rajista. Ya ce a ajinsa babu mai sunkuya wa tuta, in an ce charyot kowa ya ƙame, sai a ɗora hannun dama a ƙirji, kuma ya ce ko su 'yan Koriyan a taronsu na ƙasa haka suke gaida tutarsu, hannu a ƙirji. Tsakanin yaro da yaro kafin su kara kuma musabaha ake yi. Na sa ido na gani haka ɗin ne. Amma bai yaudare ni ba, ya ce Ummu ki sani in yaro ya kai ga gasa ta hukuma alƙalin wasa zai ce kyongne kuma al'adar wasan a duniya ita ce a ɗan sunkuyar da kai, wannan ba a hannunsa yake ba. Abbansu ya kawo hadisin Anas da ke cikin Tirmizi, wanda aka tambayi Manzon Allah SAW ko mutum zai sunkuya wa ɗan uwansa in sun haɗu ya ce a'a, aka ce ya riƙe hannunsa su yi musabaha ya ce eh. Mu a kan wannan muka tsaya, yaranmu hannu a ƙirji za su yi ko a ina ne. Kowa dai ya tambayi malaminsa, ni ba fatawa nake bayarwa ba, abun da nake yabawa shi ne an gaya min gaskiya tun kafin in ciro kati in biya, don na san wani wajen da wata ƙawata ta kai nata aka ce mata babu komai babu komai, sai a bidiyo ta ga yaran a duƙe.

Wani abun kuma da ya sa na daina jin haushin ganin tutar wata ƙasa a ajin yarana shi ne tarihinta. Mutanen nan sun sha wuya a kan wannan ƙyallen. A 1882 wani jakadansu Bak Yeong-hyo ya yi amfani da ita a tafiyarsa Japan, a 1883 Sarki Gojong ya tabbatar da ita tutar ƙasa, sai a 1910 Japan ta haɗiye Koriya gaba ɗaya, riƙe tutar ya zama laifi. Ranar 1 ga Maris 1919 jama'a suka fito zanga-zangar neman 'yanci, kuma a cikin waɗanda suka tashi akwai wata yarinya 'yar makaranta Yu Gwan-sun, ta koma garinsu aka zana tutoci da hannu aka raba wa mutane a kasuwa, sojoji suka buɗe wuta iyayenta duka biyu suka mutu a wannan ranar ta kasuwa, ita aka kama ta, ta rasu a kurkukun Seodaemun a 1920 tana 'yar shekara 17. Da na karanta wa 'yata wannan shiru ta yi, don tazarar shekarunsu ba yawa. Sai 1945 suka samu kansu, ƙasar kuma ta rabu biyu, ta Arewa ta canja tuta a 1948, ta Kudu ta riƙe wannan ta daidaita zanenta a 1949. Kenan in ɗan Koriya ya rataya ta a bango, ko wanda ya koyi wasansu ya rataya don girmama inda wasan ya fito, na fahimci abun da yake nufi, mu ma da muka san mulkin Turawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Tambarin ma ya wuce tuta a wajensu, yana jikin jiragen Korean Air, akwai kuma mai kala uku da aka ƙara rawaya a matsayin ɗan adam tsakanin sama da ƙasa, shi ake gani a mafici da ganga da ƙofofin tsoffin gine-gine, daga shi aka ɗauko tambarin Olamfik na Seul 1988. Kawun Abbansu da ya daɗe a ƙasar nan da ya ga rigar yaron cewa ya yi ai ya san mutanen, tun lokacin da suka cika Saudiyya da aikin hanya da gini, Hyundai ce ta karɓi aikin tashar ruwan Jubail a 1976, ya ce bai ga masu aiki kamansu ba.

Karatun kansa a kan wannan tambarin aka gina shi, shi ya sa ba yadda za a yi a ce a cire shi a ci gaba. Akwai abun da suke kira pumse, jerin motsi ne da yaro zai haddace ya yi shi kaɗai kaman yana faɗa da wanda ba a gani, guda takwas ne kafin baƙin bel kuma duk sunansu Teguk, na ɗaya zuwa na takwas, kowanne da nasa sandunan. Na ɗaya sama, na biyu tafki, na uku wuta, na huɗu tsawa, na biyar iska, na shida ruwa, na bakwai dutse, na takwas ƙasa. Na ɗayan motsi 18 ne, kuma in ka kalli inda ƙafar yaro ke bi za ka ga layi uku yake zanawa a ƙasa, sandunan nan uku kenan. Ɗana yana na uku, Kabtin yana ta fama da shi ya sa zafi da sauri tunda wuta ce, babbar kuma tana na shida, ita kullum faɗan da ake mata ta daina yankewa ta bar motsin ya gudana. Ko rigar kariya da suke sawa in za su kara ɗaya ja ce ɗaya shuɗiya, alƙali yana kiran chong, hong, wato shuɗi, ja. Bel kuma fari ake farawa, rawaya, kore, shuɗi, ja, sannan baƙi, amma yaron da bai kai 15 ba ba a bashi baƙi zalla, rabi ja rabi baƙi ake bashi, ku san wannan kar wani ya karɓi kuɗinku da alƙawarin baƙin bel ga ɗan shekara goma.

Masu cewa wasan ba na irinmu bane, Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar azurfa ya ciyo a Olamfik na Rio 2016, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya a Muju cikin Koriyan kanta. Chika Chukwumerije ya kawo wa Najeriya tagulla a Beijin 2008. Nan Saudiyya ma Dunya Abu Talib ta je Faris 2024 da hijabinta, hotonta na manne a ɓangaren mata.

Toh ga ƙorafina. Na farko kuɗi, na wata ya ɗan haura riyal 300 kowane yaro, wannan an faɗa min kuma na yarda, abun da ba a faɗa ba shi ne kowane ƙarin bel da kuɗin jarabawarsa daban, ga rigar da suka ce sai a wajensu za a saya alhali irinta tana kasuwa da sauƙi, ga kayan kariya na kai da ƙirji da ƙwauri da robar haƙori da za a ce a kawo da zarar yaro ya fara karawa. Mai yara uku ko huɗu sai ya yi lissafi da kyau, ragin da suke wa 'yan gida ɗaya kaɗan ne, kuma sai ka tambaya, ba sa faɗa da kansu. Wajen rajista suna neman hoton iƙama, ku tafi da shi.

Na biyu kuma shi ya fi ci min rai, ɓangaren mata ba a bashi haƙƙinsa. Ɗakin ƙarami ne, kwanakinsu basu kai na maza ba alhali kuɗin ɗaya ne, kuma an canja musu koci a tsakiyar zango ba tare da an sanar da iyaye ba, muka zo kawai muka ga sabuwar fuska. Sabuwar tana da kirki kuma ta iya wasan, a rufe suke babu namijin da ke shiga, amma bata yin bayanin nan da Kabtin yake yi, haddace motsi kawai, har sai da 'yata ta koma tana tambayar ƙaninta me ya sa nata ake ce masa ruwa. Na yi wa mai kula da wajen magana ya ce in sha Allah, har yanzu dai in sha Allah ɗin muke jira. In wajen yana taƙama da cewa yana koyar da ma'ana ba duka kawai ba toh 'ya'ya mata ma su samu.

Banɗaki ɗaya ne a ɓangaren maza, lokacin alwalar magariba layi har waje kuma ƙasan jiƙewa yake, yara babu takalmi, na ga wani ƙaramin yaro ya zame Allah Ya kiyaye bai bugu ba. Wajen ajiye mota babu, in ajin yamma ya tashi titin sai a hankali. Ajin ƙananan ma yana cika fiye da kima a farkon hutu, mutum ɗaya da mataimaki ɗaya ba za su iya da wannan yawan ba, in kuna da zaɓi ku ɗauki ajin da ke bayan isha'i ya fi sarari. Da azumi gaba ɗaya bayan tarawihi suke mayar da shi, ku shirya wa dawowa gida a makare.

Suna bada aji ɗaya kyauta na gwaji, ku je da yaron ku zauna bayan gilas ɗin har a tashi, ku tambayi maganar gaisuwa da bakinku, ku ce a rubuta muku duk kuɗin shekara har da na jarabawa a takarda, masu 'ya'ya mata kuma ku tambayi kwana nawa ne kuma wace ce kocin kafin ku biya wata uku a haɗe, don in an biya ba sa mayarwa.